Goro da Gero: Tarihin Cikinmu da Farin Cikinmu a Hanyar Gwanja



Yau shekaru masu yawa ke nan ina riƙe da alƙalami a zauren dattijon unguwarmu, Allah Ya ƙara masa lafiya, ina rubuta abin da aka kawo gabansa na rigimar aure da gado da bashi da maƙwabtaka. Tun farkon zamana na lura da wata al'ada tasa da ba ya saɓa mata. Idan masu ƙara suka zo da safe, rai a ɓace, murya a sama, ba ya barin kowa ya buɗe baki sai ya tambaye su ko sun karya kumallo. In suka yi shiru, sai ya aiki yaro ya karɓo koko da ƙosai, a zauna a sha tare. Goro kuwa ba ya fito da shi sai an gama magana an yi fatiha. Da na tambaye shi dalili, ya gaya mini cewa haka ya tarar da mahaifinsa yana yi, shi ma ya gado daga nasa uban, wanda ya bi ayarin fatake daga Kano zuwa Gwanja. A wurinsu gero ake gabatarwa kafin magana, goro ya biyo bayanta. Wannan tsari ne ya sa na bi sawun tarihinmu ta hanyar abinci, domin mu ga abin da magabata suka sani game da alaƙar ciki da hankali, da abin da muke neman sakewa daga hannu.

Harshenmu da kansa shaida ne. Bahaushe bai ajiye murna a kai ko a ƙirji ba, a ciki ya ajiye ta, ya ce farin ciki. Baƙin ciki ma can ya sa shi. Mai riƙe sirri yana da zurfin ciki, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shari'a ma ta kula da wannan. Malaman fiƙihu sun hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, suka haɗa da matsananciyar yunwa da ƙishirwa, saboda duka suna karkatar da tunani. An karantar da mu cewa idan aka ajiye abincin dare kuma aka tayar da salla, a fara da abincin, don zuciya ta nutsu a gaban Ubangijinta. Ya zo a Bukhari cewa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, takan sa a dama talbina ga waɗanda aka yi wa rasuwa, wato kunun garin sha'ir, tana ambaton cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa yana sanyaya zuciyar majinyaci, yana rage wani sashe na baƙin ciki. Duk wanda ya ga yadda matan Zango ke ɗora tukunyar koko a gidan makoki tun kafin gari ya waye, ya ga wannan sunna tana tafiya da ƙafafunta.

To, mu koma kan abin da ya kawo kakanninmu ƙasar nan. Goro ba ya fitowa a ƙasar Hausa ta arewa, sai a kurmi mai yawan ruwan sama, kuma wanda aka fi so a kasuwannin Kano da Katsina da Barno shi ne na kurmin Tonawa, wato mutanen Asante. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804, da aka tsananta hana giya a ƙasashen daular, buƙatar goro ta ƙaru ƙwarai, domin shi ne abin wartsakewa da malamai ba su hana ba. Sarki na ci, malami na ci, mai noma na ci, ana neman aure da shi, ana raɗa suna da shi. Har yau in aka ce maka albishirinka, goro za ka ce, kuma kyautar Salla sunanta goron Salla ko da kuɗi ne aka ba ka.

Waɗanda suka fi shahara da wannan fatauci a ƙarni na 19 su ne Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Sukan tashi da rani cikin ayari mai ɗaruruwan mutane da jakuna, madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya da masauki. Suna ɗauke da kanwa da tufafin Kano da kayan fata da busasshen ganyen albasa, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Jugu ko Sansanin Mango, su faɗo Yandi, sa'an nan Salaga. Tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, ana yin watanni kafin a isa, ga fashi, ga fito da sarakunan hanya ke karɓa, ga zazzaɓi. Sarakunan Tonawa ba sa barin baƙin arewa su shiga kurmi su sayi goro da kansu, saboda haka Salaga ta zama mahaɗa, ta cika ta batse. Wajibi ne kuma mu faɗi gaskiya cewa ba goro kaɗai ake sayarwa a wannan kasuwa ba, har da bayin Allah da aka kamo daga garuruwansu, kuma yunwa da ƙishirwar da suka sha a hanya tana cikin tarihin da muka gada. Allah Ya yafe wa magabata, Ya jiƙan waɗanda aka zalunta.

Falke ya san goro sanin da ba a makaranta ya koya ba. Ya san ƙwarya guda goro 100 ce. Ya san daushe, wanda ya kwana biyu ya yi daɗi, ya san marsa manya, ya san hannunruwa mai yauƙi da ba shi da daraja. Ya san dole ne a naɗe shi cikin ɗanyen ganye a yi huhu, a riƙa yayyafa ruwa, a riƙa kwancewa ana tsince wanda sankara ta kama kafin ta ɓata sauran. Kuma ya san aikinsa a jiki: yana kore barci, yana rufe bakin yunwa, yana sa ruwan da aka sha bayansa ya yi zaƙi, yana sa mai gajiya ya ƙara zango guda. Abin da masana na zamani suka ƙara mana shi ne sunan dalilin. A cikin goro akwai sinadarin kafeyin, kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, irin wanda ke cikin gahawa da shayi, tare da ɗan uwansa tiyoburomin da ake samu a koko na bishiya. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa yana sanar da ita cewa jiki ya gaji. Kafeyin yakan je ya tsaya a ƙofar da wannan saƙo ke shiga, sai mutum ya daina jin gajiyar alhali tana nan. Bayan kamar awa 5 rabinsa ne kawai ya bar jini, shi ya sa goron bayan la'asar ke bin mutum har kan shimfiɗa. Idan ya sake shi kuwa, gajiyar da aka tsare a bakin ƙofa sai ta shigo gaba ɗaya, tare da ciwon kai da saurin fushi.

Ke nan goro bashi ne mutum ke ci daga jikinsa, kuma madugai sun san da me ake biyansa. Guzurin ayari gero ne da dawa, da fura da ake damawa da nonon Fulanin hanya, da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, da ƙuliƙuli da kilishi ga mai hali. Ana tashi da asuba, a yada zango kafin rana ta yi tsanani ko bayan ta karya, mata su hura wuta, a ci tuwo a kwano ɗaya. Madugun da ya bar mutanensa suka kwana da goro a baki ba tuwo a ciki, gobe zai kwana yana rabon faɗa. Daga wannan yada zango ne sunan unguwanninmu ya samo asali. Zango wuri ne da matafiyi ke sauke kaya, ya ci, ya huta, hankalinsa ya komo jikinsa.

Sai zamani ya juya. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi suka ƙone ta, Salaga ta fita daga hannun Tonawa, su kuma suka janye goronsu daga gare ta, kasuwa ta koma Kintampo da wasu garuruwa. A 1892 yaƙin basasa na sarauta ya watse Salaga, mutanenta suka bazu. Cikin waɗanda suka bar ta akwai babban malami Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete-Krachi ya zama limaminta har ya rasu a 1934, kuma cikin abin da ya bari akwai Waƙar Talauci da Wadata, inda ya duba yadda rashi ke sauya mutum da yadda jama'a ke kallonsa. Bayan an kama Sarki Prempeh a 1896 da yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, ƙofar kurmi ta buɗe, fatake da tsofaffin sojoji suka cika zangon Kumasi. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, goro ya fara bin teku zuwa Ikko, kuma Alhassan Dantata, Ba'agale ɗan Bebeji, yana cikin waɗanda suka fara cin moriyar wannan sabuwar hanya. A Ankara, babban birnin ƙasar nan, Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, daga baya Nima da Mamobi suka bunƙasa.

Ayari ya mutu, amma tsarinsa na ciyarwa bai mutu ba, ya koma gidan mai gida. Baƙo in ya sauka, mai gida ne zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da mai saye, ya karɓi la'ada, kuma kafin duk wannan sai an fito masa da kwano daga cikin gida. Mutumin da ya baro iyayensa a Katsina ko Dogon Dutsi, ya shigo ƙasar da ba ya jin harshenta, ana cin dokunu da fufu, idan ya sa hannu a tuwo da miyar kuka sai kewa ta ragu, ya ji shi mutum ne a cikin mutane. Iyayenmu mata ne suka riƙe wannan amana, har suka ciyar da ƙasar baki ɗaya da ita. Yau duk Gana tana karya kumallo da kokon Hausa da ƙosai, tana cin wake da shinkafa da aka rina da karan dafi, tana kiran tuwo da sunansa na tuwon zafi, tana shan fura, tana cin masa da tsire. Sunayen sun ɗan karkace a bakin maƙwabta, amma kowa ya san daga inda suka fito.

A wannan birni na Ankara kuma aka fara rubuta wata hujja ta likitanci kan abin da muke magana. Wata likita mai suna Cicely Williams, da ke aiki a asibitin yara na Princess Marie Louise, ta bayyana a 1933 wata cuta da ke kama yaran da aka yaye da kunun masara zalla, a 1935 ta kira ta da sunan da mutanen Ga ke kiranta, kwashiyoko, cutar yaron da aka yi wa ƙane. Ban da kumburin ƙafa da jan gashi, alamarta ita ce yaro ya daina wasa, ya daina dariya, ya zama mai yawan kuka da ƙin mutane, kuma likitoci sun san cewa ranar da ya sake murmushi ita ce ranar da ya kama hanyar warkewa. Shekaru kaɗan bayan haka, a 1944 zuwa 1945, wani masani a Amurka mai suna Ancel Keys ya gwada yunwa a kan samari 36 masu lafiya da suka ba da kansu. Aka rage musu abinci kusan rabi har mako 24, suka zubar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Masu fara'a suka zama masu ƙunci, masu haƙuri suka zama masu faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, suka guje wa hira, ba abin da ke ransu sai abinci. Dalili a fili yake: ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da abinci ke bayarwa.

Mu da muka haura hamsin ba sai an karanta mana wannan a littafi ba, mun gan shi a 1983. Fari ya yi tsanani, gobarar daji ta cinye gonaki, sa'an nan a farkon shekarar gwamnatin Nijeriya ta kori baƙi, kimanin 'yan Gana miliyan guda suka dawo gida a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 12 da 'yan kai ba. Mutane suka rame har ƙashin wuya ya fito, ana yi masa laƙabi da sarƙar Rawlings. Ana bin layi a sayi dokunu ɗanye kafin a dafa, don kada a rasa. Ni ina yaro a makarantar allo a lokacin. Ina tuna yadda karatun safe ya rasa amo, yaron da ke haddace shafi a rana ya koma yana kwana uku a kan layi biyu, kuma faɗa yana tashi tsakaninmu a kan tawada ko wurin zama. Ina tuna iyayenmu maza suna wuni da tsagin goro a baki don su bar wa yara ɗan abin da ke tukunya, su dawo da magariba ido ja, ba mai iya yi musu magana. Mutanen kirki ne masu haƙuri, yunwa ce da goro ya rufe wa baki take magana da harshensu. Abin da ya tsare unguwa daga watsewa shi ne kwanon da ke zagayawa: gidan da ya samu mudu guda sai ya dama kunu mai ruwa ya aika wa maƙwabta, gobe su ma su rama.

Yanzu, alhamdu lillahi, ba mu cikin irin wannan fari, amma abin da ake kawowa zaure yana nuna mini wata yunwar mai sabon kama. Saurayi zai tashi bai karya ba, ya hau babur ko ya tafi tasha, ya sha kwalbar abin ƙara kuzari mai kafeyin da sukari, da rana ya ci burodi da lemon kwalba, da dare ya zauna a majalisa ana zagaya shayin ataya har ƙarfe biyu. Wasu sun wuce nan sun faɗa ƙwayar taramol, wadda ta tayar wa hukumomin ƙasar nan hankali a wajen 2018. Wannan tsohuwar dabarar falke ce ta kore gajiya, amma an yar da rabinta na biyu, wato tuwon dare da barci. Sukari zalla yana hawa jini da sauri ya sauka da sauri, mutum ya ji kasala da jin haushi. Gero da wake kuwa a hankali suke narkewa, suna riƙe mutum tsawon wuni, kuma suna ɗauke da sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata fiye da garin rogo da farar shinkafa. Ƙarancin jini yana kawo kasala da rashin tattara hankali, ya fi kama mata masu ciki da masu shayarwa da 'yan mata, kuma shayi mai kauri da aka sha tare da abinci yana rage yawan ƙarfen da hanji ke tsotsa. Sau nawa aka kawo ƙarar matar aure cewa ta zama mai ƙyuya da baƙin rai, dattijo ya sa a fara kai ta awon jini, aka dawo magana ta canza?

Masana sun gwada gyaran abinci a kan masu ciwon damuwa ma. A 2017 wata ƙungiyar masu bincike a Ostareliya ƙarƙashin Felice Jacka ta buga sakamakon gwajin mutum 67 na tsawon mako 12. Waɗanda aka koya musu cin hatsi da ba a cashe ba, da ganye, da wake, da kifi, da gyaɗa da dangoginta, kusan kashi 32 cikin 100 nasu ciwon ya lafa musu, alhali a ɗaya ɓangaren da aka yi wa zaman hira kawai kashi 8 ne. Mafi yawansu suna ci gaba da shan magani ko ganin likitansu a lokacin gwajin. Saboda haka kada wani ya fahimci cewa tuwo zai maye gurbin asibiti. Wanda baƙin ciki ya danne shi makonni, ya daina barci, ya daina cin abinci, ko yake ambaton gajiya da rayuwa, a yi masa addu'a kuma a kai shi ga likita ba tare da jinkiri ko kunya ba. Sai dai jerin abincin da aka gwada a can, in ka dube shi da kyau, kusan tukunyar kakarka ce: gero da dawa, zogale da ayoyo da kuka, wake, gyaɗa, busasshen kifi da nono.

Abin da nake roƙon jama'a ba mai tsada ba ne. Kada yaro ya tafi makarantar boko ko ta allo bai sa komai a ciki ba, ko da koko ne da ƙosai biyu. Masu gida su dawo da cin abincin dare a kwano ɗaya da 'ya'yansu, domin a nan ake gane wanda hannunsa ya yi sanyi, a tambaye shi abin da ke damunsa tun kafin abu ya yi nisa. Samari su ja shayinsu da goronsu zuwa farkon wuni, su bar wa dare haƙƙinsa. Masu sulhu a masallatai da zauruka su tambayi masu ƙara ko sun ci abinci kafin su tambaye su wa ya fara. Matan da ke tashi tun ƙarfe uku na dare su tace gasara don unguwa ta karya kumallo, mu san cewa aikin da suke yi na tsare hankalin jama'a ne, mu girmama su, mu biya su bashinsu. Goro kuwa yana nan da darajarsa a ɗaurin aure da suna da bayan sulhu, inda magabata suka ajiye shi.

Allah Ya jiƙan fataken da suka kwanta a hanyar Gwanja ba a san kabarinsu ba, Ya jiƙan iyayenmu mata da suka ciyar da baƙo kafin su tambayi sunansa, Ya tsare mu daga yunwa da tsoro, Ya sa albarka a tukwanenmu da zuriyarmu. Amin.